Jerin tsalle da haɗin tsalle a wasan zamiyar ƙanƙara: yaya ake lissafa makinsu?

Baƙon Fili:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Tambayata a kan takardar makin da hukumar wasan zamiyar ƙanƙara ta duniya, wato ISU, ke fitarwa bayan kowace gasa ce. A gasar duniya ta 2024 da aka yi a Montiriyal ta Kanada, a dogon shirin Ilia Malinin ɗan Amurka, an rubuta tsallensa na ƙarshe haka: 3Lz+3A+SEQ. Wanda ya gabace shi kuwa 4T+3T ne kawai, babu wannan SEQ ɗin. A ido duka biyun tsalle biyu ne a manne da juna. To me ya raba su?

Na biyu, ana cewa wai jerin tsalle ana zabge masa kashi 20 cikin 100 na makinsa. Amma Luz mai juyi uku 5.90 ne, Aksel mai juyi uku 8.00, jimla 13.90, da ƙarin kashi 10 cikin 100 da ake ba tsallen da aka yi a rabin lokaci na biyu ya zama 15.29, kuma abin da aka ba shi ke nan. Ina zabgewar take?

Na uku, makin ingancin da alƙalai tara ke bayarwa, a kan wane tsalle ake ɗora shi idan tsallen biyu ne ko uku? Su kuma alamomin nan, q da < da << da tauraro, yaya suke taɓa jeri? Masana a taimaka, Allah ya ƙara basira.

Kaifin Waje:

Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, amsar tambayarka ta farko a ƙasa take. Bar kallon juyin da ake yi a iska, dubi abin da ƙafafu ke yi tsakanin sauka da sake tashi.

Ƙarfen da ke ƙarƙashin takalmin nan ba kaifi ɗaya gare shi kamar wuƙa ba. An fafe tsakiyarsa, sai ya zama yana da kaifi biyu, na ciki da na waje, ga kuma haƙora a gaba da ake cakawa a ƙanƙara. Yawancin 'yan wasa ta hagu suke juyawa, da su zan yi misali, mai juyawa ta dama sai ka musanya ƙafafun. Kowane irin tsalle wannan ɗan wasa ya yi, matsayi ɗaya yake sauka: ƙafar dama, yana tafiya da baya, a kan kaifin waje. Daga nan tsalle iri biyu ne kacal ke iya tashi ba tare da an sauya ƙafa ba. Akwai Tolup, wanda ake caka haƙoran ƙafar hagu a tashi, da Lup, wanda ake tashi daga kaifin da aka sauka a kansa ba tare da caka komai ba. Dalilin da ya sa kullum za ka ga wutsiyar haɗi T ce ko Lo ke nan. Ma'anar haɗin tsalle kuwa ita ce saukar na farko ta zama ita ce tashin na biyu, nauyin jiki bai bar ƙafar ba.

Aksel shi kaɗai ne ake tashinsa da gaba, daga kaifin waje na ƙafar hagu, shi ya sa yake da ƙarin rabin juyi a kan 'yan'uwansa. Sunan Axel Paulsen ɗan Norwe ya ci, wanda ya fara yin sa a 1882. Wanda ya sauka da baya a ƙafar dama ba shi da hanyar yin Aksel sai ya juyo ya taka ƙafar hagu yana fuskantar gaba. Wannan takun guda shi ne jeri, wanda takarda ke rubutawa SEQ. Dokar ta ce taku ne kai tsaye daga bakan da ƙarfe ke zanawa wajen sauka zuwa bakan tashin Aksel. Ba a yarda da 'yan tsalle-tsalle ko ƙarin gudu a tsakani ba.

Kada 4Lz+1Eu+3F da ke kan wannan takardar ya ruɗe ka, duk da ana sauya ƙafa a cikinsa. Eu ɗin nan Oila ne, ɗan ƙaramin tsalle mai juyi ɗaya da ke tashi daga ƙafar dama ya sauka a ƙafar hagu, da baya, a kan kaifin ciki. Wannan kuwa shi ne matsayin tashin Salko da Filif. Tunda a iska aka sauya ƙafar, kuma kowace sauka ta zama tashin na gaba, haɗi ne, ba jeri ba. Har kakar 2025-26 makinsa 0.50, kuma ba a ƙirga shi sai ya faɗo tsakanin tsalle biyu. Ta nan Mikhail Shaidorov ɗan Kazakistan ya bi ya yi 3A+1Eu+4S a ƙarshen 2024, wanda tushensa 18.20 ne.

Maganar kashi 20 kuwa, wanda ya faɗa maka bai yi ƙarya ba, labarinsa ne ya tsufa. Kafin 2018 jeri faffaɗan abu ne, ana haɗa tsalle da 'yan ƙananan tsalle-tsalle muddin ba a karya kari ba, a ɗauki biyu mafi tsada a ba su kashi 80 cikin 100. Daga kakar 2018-19 aka matse ma'anar ta koma tsalle ɗaya da Aksel a bayansa, amma ragin yana nan. A wannan kakar Yuzuru Hanyu na Japan ya yi 4T+3A a gasar Helsinki, bai taɓa fitowa daga kowa a gasa ba kafin shi. Ka lissafa: 9.50 da 8.00 sun ba da 17.50, kashi 80 ɗinsa 14.00. Shi kuwa 4T+3T da manyan 'yan wasa da yawa ke yi, 13.70 ne. Duk wannan kasadar a kan 0.30. Kwalliya ba ta biya kuɗin sabulu ba, shi ya sa kusan ba wanda ya bi sahunsa a lokacin. Sai a kakar 2022-23 aka cire ragin gaba ɗaya, aka kuma yarda jeri ya kai tsalle uku, na biyu ko na uku ko duka biyun su zama Aksel. Malinin a ƙarƙashin wannan dokar ya yi nasa.

A dokar da aka bi daga 2022-23 har kakar Olamfik ta 2025-26, dogon shiri na minti 4 yana da guraben tsalle 7. Uku daga ciki za su iya zama haɗi, ko haɗi biyu da jeri ɗaya. Jeri ba ya wuce ɗaya, kuma gurbi ɗaya ne kawai ke ɗaukar tsalle uku. A gajeren shiri babu jeri sam, haɗi ake nema.

Malama Lissafi:

Malam Kaifin Waje ya gama da ƙafa, bari in ɗauki alƙalami. Ƙanena, riƙe farashin nan a kanka, tun 2018 ake aiki da su. Masu juyi uku: Tolup 4.20, Salko 4.30, Lup 4.90, Filif 5.30, Luz 5.90, Aksel 8.00. Masu juyi huɗu a wannan tsarin: 9.50, 9.70, 10.50, 11.00, 11.50, 12.50. Aksel mai juyi biyu 3.30, Tolup mai biyu 1.30, Lup mai biyu 1.70, Luz mai biyu 2.10.

Makin tushe tarawa ce kawai. Makin inganci, wanda takarda ke kira GOE, a nan ne mutane ke ɓata lissafi. Kowane alƙali yana ba gurbin gaba ɗaya lamba ɗaya daga -5 zuwa +5, ba kowane tsalle da tasa ba. Kowane mataki kashi 10 cikin 100 ne na farashin tsalle mafi tsada a gurbin, ba na jimlar ba. Ana jefar da lamba mafi girma da mafi ƙanƙanta, a ɗauki matsakaicin bakwai da suka rage.

Mu ɗauki 3Lz+2A+SEQ. Tushe 9.20. Mafi tsada Luz ne, don haka mataki ɗaya 0.59. A ce alƙalai sun ba da 2, 3, 2, 2, 1, 3, 2, 2, 3. Cire 1, cire 3 guda ɗaya, saura biyu-biyu guda biyar da uku-uku guda biyu. Biyu tana nufin 1.18, uku tana nufin 1.77, jimlarsu 9.44, a raba bakwai ya ba da 1.35. Gurbin ya tashi 10.55. Idan yana cikin guraben tsalle uku na ƙarshe da aka yi a rabin lokaci na biyu, za ka ga x a gefensa, tushen ya koma 10.12, amma 1.35 ɗin nan ba ya motsi domin ƙarin ba ya shafarsa. Jimla 11.47. Taƙaita ƙarin ga uku na ƙarshe ya zo ne bayan Olamfik ta 2018, inda Alina Zagitova ta Rasha ta tura duka tsallenta rabi na biyu ta kwashe ƙarin a kan kowanne. A gajeren shiri gurbi ɗaya na ƙarshe ne ke samunsa.

A na Malinin kuwa mafi tsada shi ne na biyu, Aksel, don haka matakinsa 0.80 ne, +5 daga kowa ya tsaya a 4.00. Abin lura ga mai tsara shiri shi ne duk tsallen da aka maƙala a wutsiya ya rasa nasa makin ingancin. Luz ɗin da zai iya kawo har 2.95 da a ce shi kaɗai ne, a nan bai kawo komai ba sai tushensa.

Su alƙalan ba da ka suke ba da lamba ba. Abubuwa shida suke dubawa: tsayi da nisa masu kyau ƙwarai, tashi da sauka masu tsafta, yin abin ba tare da alamar wahala ba har da kari tsakanin tsallen, shigowa da taku ko wata dabara, tsayuwar jiki daga tashi zuwa sauka, da dacewa da kiɗa. Ba a kai +4 ko +5 sai ukun farko sun cika, kuma a jeri tsayi da nisan nan ana neman su a kowane tsalle. A nan jeri ke shan wahala. Saukar farko tana cin gudu, Aksel ɗin sai ya fito gajere, kusan a tsaye wuri ɗaya, sharaɗin farko ya faɗi. Idan ɗan wasa ya daɗe a kan kaifin sauka yana gyara kafaɗu kafin ya taka gaba, kari ya karye, a rage masa daga 1 zuwa 3.

Sauran ragin da ake cirewa daga lambar da alƙali ya fara da ita: taɓa ƙanƙara da hannu ɗaya ko da ɗaya ƙafar, 1 zuwa 2. Hannu biyu, 2 zuwa 3. Sauka a ƙafa biyu ko ficewa daga sauka da taku, 3 zuwa 4. Faɗuwa, 5. Idan kuskuren babba ne irin faɗuwa ko sauka a ƙafa biyu, lambar farawa ba ta wuce +2 komai kyawun tsallen a sama. Wanda ya faɗi a Aksel ɗin 3Lz+2A kuma alƙalai suka ba shi -5, an cire 2.95 daga 9.20, saura 6.25, sannan a ƙasan takarda a cire maki 1 na faɗuwa. Ga manya, faɗuwa ta farko da ta biyu maki ɗai-ɗai ne, ta uku da ta huɗu biyu-biyu, daga ta biyar uku-uku. Ka lura ragin da farashin Luz aka auna shi, alhali Luz ɗin lafiya ya sauka. Tsalle mai 3.30 ya jawo wa mai 5.90 asara.

Idon Kyamara:

Malama, Allah ya saka da alheri. Sai dai kafin alƙalai tara su taɓa komai akwai wasu mutum uku da suka riga su, kuma alamomin da Baƙon Fili ya tambaya nasu ne. Tun bayan rikicin wasan bibbiyu, wanda namiji da mace ke yi tare, a Olamfik ta 2002 a Salt Lake City, wanda ya kai ga ba da zinare biyu, aka ajiye tsohon tsarin 6.0 a 2004 aka raba aikin gida biyu. Kwamitin tantancewa, shugaba ɗaya da ƙwararru biyu, shi ke faɗin me aka yi. Alƙalai su faɗi yadda aka yi shi. Ana kiran kowane tsalle nan take, wanda aka yi shakka a kansa a sake dubawa a bidiyo bayan an gama, in an saɓa rinjaye ya yanke. Ƙa'idarsu ita ce in abin bai fito fili ba, ɗan wasa ne ke cin moriyar shakkar.

Abin da suke aunawa shi ne inda ƙarfe ya fuskanta a daidai lokacin da ya taɓa ƙanƙara, da sauran juyin da aka ƙarasa a ƙasa. In abin da ya rage rubu'in juyi ne cif, q ke nan, an shigo da ita a 2020. Tushe bai ragu ba, amma alƙalai za su cire 2. In ya wuce rubu'i bai kai rabi ba, < ce: tushe ya koma kashi 80 cikin 100, a kuma cire 2 zuwa 3. In rabi ne ko fiye, << ce: a biya shi farashin mai juyi ɗaya ƙasa da shi, a cire 3 zuwa 4. A jeri kowane tsalle da tasa alamar, ragin tushe a kan mai laifin kaɗai yake sauka, amma ragin inganci na gurbin ne duka.

Mu koma misalin Malama. 3Lz<+2A+SEQ: Luz ya koma 4.72, jimla 8.02, mataki kuma ya koma 0.47 tunda da sabon farashin ake aunawa. Da -2 ya tashi 7.08. In kuwa 3Lz<< ne, Luz ya zama 2.10, jimla 5.40, yanzu Aksel ne mafi tsada a gurbin, mataki ya koma 0.33. Da -3 sai 4.41. Daga 10.55 zuwa 4.41, kuma mai kallo a talabijin bai ga faɗuwa ba, ya ga an sauka an ɗaga hannu ana murmushi. Yawancin ihun "an yi mana maguɗi" daga nan yake fitowa.

Luz da Filif suna da nasu ciwon. Duka biyun ƙafar hagu ce ke ƙasa ana caka ta dama, bambancinsu kaifi ne kawai: Luz na waje, Filif na ciki. Wanda ya mirgina zuwa kaifin da ba nasa ba a daidai tashi ya sha e, tushe kashi 80. In ya haɗa e da < a tsalle ɗaya, kashi 60, wato Luz mai uku ya koma 3.54. In kaifin bai fito sarai ba sai a sa alamar motsin rai, tushe cikakke, alƙalai su ɗan rage.

Akwai kuma satar juyi tun daga ƙasa. Wanda ya juyo ya fuskanci gaba sosai kafin ya bar ƙanƙara a tsallen da ya kamata a tashi da baya, ko ya juya baya kafin ya tashi a Aksel, ana ɗaukarsa a matsayin <<. Tolup na wutsiyar haɗi ne aka fi kamawa da wannan. Wani abin da ba kowa ya sani ba: satar tashi ba a yarda kwamitin ya duba ta da bidiyo mai tafiyar hawainiya ba, sai da gudunsa na asali. Sauka ce ake ragewa gudu a duba.

Sai abin da ke karya jeri. Ɗan wasa ya sauka daga na farko a karkace, ya yi cikakken juyi ɗaya a kan ƙanƙara a ƙafar da ya sauka, ko da ɗaya ƙafar ta ɗan shafi ƙasa, muddin bai ɗora mata nauyi ba gurbin yana nan da ransa, sai dai ragin 2 zuwa 3. Amma in ya faɗi, ko ya fice da taku ya dafe da ɗaya ƙafar, sannan ya tattara kansa ya yi na biyun, a dogon shiri za a rubuta na farko, a sa SEQ, a sa wa na biyun tauraro. Tauraro sifili ne. Wato akwai SEQ na niyya, akwai SEQ na haɗari, tauraron ne ke nuna maka wanne kake karantawa. A gajeren shiri COMBO, wato haɗi, ake rubutawa a irin wannan hali, kuma tunda haɗin da aka wajabta bai cika ba, -5 ne dole.

Wahalar kwamitin a jeri ita ce nauyi dole ya koma ɗaya ƙafar, shi ne ma asalin jerin. Sai sun rarrabe tsakanin takun da aka shirya, wanda ke fita sumul daga bakan sauka ya shiga bakan Aksel, da takun ceton kai da aka yi don kada a faɗi. Ana gane na biyun da kafaɗa ta zube, ƙafar ta sauka gefe ko baya maimakon gaba, sai an ƙara wani takun kafin a sami kaifin tashi.

Baƙon Fili:

Na gode ƙwarai, iyayen gida, abin ya fara zama. Saura guda. Tunda yanzu ba a rage komai, me zai hana ɗan wasa ya maƙala Aksel a bayan kowane tsalle, ko ya yi ta maimaita tsallen da ya fi iyawa? Kuma wa wannan sauyin na 2022 ya fi amfana?

Malama Lissafi:

Abu biyu ne suka hana. Na farko Malam Kaifin Waje ya faɗa, jeri ɗaya ne a shiri. Na biyu dokar maimaici ce da ake kira da sunan Elaine Zayak ta Amurka, wadda ta ci gasar duniya ta 1982 da tsalle shida masu juyi uku, huɗu daga ciki Tolup. Yadda take har kakar 2025-26: cikin masu juyi uku da huɗu, iri biyu ne kawai za a iya yi sau biyu, kuma ɗaya ne kawai daga cikin biyun zai iya zama mai juyi huɗu. Wanda aka maimaita dole ɗaya daga cikinsu ya kasance cikin haɗi ko jeri, in ba haka ba na biyun ya sha REP, a biya shi kashi 70 cikin 100. Masu juyi biyu, har da Aksel mai biyu, kowanne sau biyu ne iyakarsa a shirin. In an yi shi karo na uku, tauraro ne. Luz mai huɗu da Luz mai uku tsalle daban-daban ne a wannan ƙirga, shi ya sa Malinin ya yi Luz sau uku a shiri ɗaya ba tare da laifi ba. Amma 3Lz<< ana ƙirga shi a matsayin mai uku duk da farashin mai biyu aka biya.

A nan jeri ke zama tarko. Yarinya ta shirya 3F+2A+2A+SEQ, tushe 11.90, ta cinye rabonta na Aksel mai biyu a gurbi ɗaya. In kuma tana da Aksel mai uku a farkon shiri sai ya kuɓuce mata a iska ya zama mai biyu, to Aksel na ƙarshe a jerin ya zama na uku, 3.30 ya tafi. Dole ta ƙirga tana cikin gudu ta musanya shi da Tolup mai biyu, tunda 3F+2A+2T ma jeri ne halastacce. Haka wanda ya faɗi a tsallen da zai ɗauki jeri: in wannan tsallen maimaici ne, sai ya nemo inda zai maƙala wutsiya a ɗaya ɗan'uwansa, in ba haka ba REP na jiransa.

Wa ya amfana? Ɗauki 'yar wasan da ba ta da Aksel mai uku ko wani mai huɗu. A dokar 2022-23 zuwa 2025-26, guraben 7 suna ɗaukar tsalle 11. Iyakar abin da doka ta ba ta shi ne masu uku guda 7, wato iri biyar da maimaicin Luz da Filif, jimla 35.80, da Aksel mai biyu sau biyu, 6.60, sai cike-gurbi biyu. A da, kafin ta cusa duka waɗannan ba tare da ragi ba, sai ta iya ɗora mai uku a wutsiyar wani tsallen, domin Aksel yana cin gurbin kansa. Misali 2A, 3Lz+3T, 3F, 3Lo, 2A+1Eu+3S, 3F+2T, 3Lz, wanda ya tashi 44.20. Bayan sauyin 2022, wadda ba ta iya uku-da-uku ba sam sai ta buɗe kowane gurbi da mai uku, ta rataya Aksel biyu a bayan ɗaya, Tolup mai biyu a bayan wasu biyu. Jimla 45.00. Ta wuce waccan da 0.80 tun kafin a zo ƙarin rabi na biyu, kuma babu gurbinta ko ɗaya da matakin ingancinsa ya sauka zuwa 0.33 kamar na Aksel shi kaɗai. Sharaɗin cewa dole shiri ya ƙunshi Aksel ma jerin ya cika mata shi.

Kaifin Waje:

Lissafin Malama daidai ne, kuma shi ne abin da ke damuna da dokar. Tarawa zalla ba ta san wahalar wutsiya ba. Lup mai uku a bayan Luz, wanda ake tashinsa daga kaifin da aka sauka ba tare da taimakon haƙora ko ɗaya ƙafar ba, farashinsa 4.90 ne, daidai da wanda aka yi shi kaɗai bayan an sha gudu an shirya. 3Lz+3Lo ya tsaya a 10.80, 3Lz+2A+2A ya kai 12.50. A ganina gyaran da ya dace shi ne a ƙara wa wutsiya mai wuya daraja, ba a mayar wa jeri ragin kashi 20 ba, domin wannan ragin shi ne ya sa Aksel mai uku a wutsiya ya zama aikin banza a zamanin Hanyu.

Sai dai, Malama, akwai wurin da uku-da-uku ba ta da magaji. A gajeren shiri na mata haɗin da aka yarda da shi uku-da-biyu ne ko uku-da-uku, babu jerin da za a fake a bayansa. Mai 3Lz+3T tana da 10.10, mai 3Lz+2T tana da 7.20. Tazarar 2.90 ke nan a rana ta farko, kuma 0.80 na dogon shiri ba zai cike ta ba.

Idon Kyamara:

Ƙari ɗaya ga mai duba takardun wasan bibbiyu, tunda su ma suna yin jeri kafaɗa da kafaɗa. Da wanda ya fi rauni ake kiran gurbin. Namiji ya yi 3T+2A, mace ta yi 2T+2A, abin da za a rubuta 2T+2A+SEQ ne, tushe 4.60 maimakon 7.50. Alamar < ko << ta mutum ɗaya ta hau kan su biyun. In duka biyun suka faɗi, maki 2 ake cirewa a ƙasan takarda, ba 1 ba.